Kaskar Da Na Shanya A Kan Kwano

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da ɗan yayata, wadda muka sha nono ɗaya da ita, ya tsayar da ni gaban manyan Birnin Gwari ya haska wautata a jikin bango. Bai tsaya nan ba, sai da ya nuna ni da yatsa, ya faɗi inda shagona yake, don kada wani ya yi kuskure ya ɗauka wani wawan ne daban. Sanusi ke nan. Dakta Sanusi, in ji masu son su fasa masa kai. Ni dai na san shi tun yana yawo da majina har leɓe.

Bari in fara da kaina, tunda ni ne abin dariyar. Ina sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa, ina kuma yi wa kaji da awaki da shanu allurar rigakafi. Makaranta a aji biyu na sakandare muka rabu da ita, ba faɗa, ba sallama. Amma ina karanta abin da ke jikin kwalba, na kuma san allurar kaji ba ta son zafi, shi ya sa kullum tana cikin filas da ƙanƙara. Sana'ata kaf a kan yarda take. Mace za ta miƙa maka kajinta goma sha, ba ta ga abin da ke cikin sirinji ba, fuskarka kawai ta gani. Ranar da aka daina yarda da fuskar nan, ka rufe shago ka koma noman haya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sanusi ya zo mini ne wata damina, yana karatun digirinsa na ƙarshe, wai kaska yake nema. Kaska dai da ka sani, ta jikin saniya. Na ce masa, "Duk karatun nan da Yaya ta sha wahala a kai, a kaska ya ƙare?" Ya yi dariya ya ce ba kaskar ba ce, ƙwayoyin cutar da ke cikinta yake so, irin waɗanda suke kira bairos. Kuma ba ta kasuwa yake so ba, sai ta shanun da ke kiwo a cikin daji, wajen Randagi da gaba. Kowa ya san abin da dajinmu ya zama. Direban jami'arsu ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai shiga ba. Sai aka tuna akwai wani kawu mai babur wanda bai san ciwon kansa ba.

Ranar farko da za mu shiga, ya fito mini da tabarau, da agogo, da farar riga mai guga, kamar wanda zai je neman aure. Na ce, "Koma." Na sa ya cire tabarau da agogo, na ba shi tsohuwar rigata ta zuwa ruga da takalmin roba, na sa ya murza baƙin mai a hannunsa, don hannun ɗan boko shi ke fara tona shi. Akwatin ƙanƙararsa muka cusa a buhun taki. Daga ƙarshe na cire hular kaina na kifa masa. Hula ce da ta yi shekaru tana shan gumi, bakinta ya yi baƙi ya yi ƙyalli, matata ta sha yi mata barazana da murhu. Ya yatsine fuska. Na ce, "Ka yatsine da kyau, haka manoma suke."

A zuwanmu na uku ɓarayin daji suka tare mu, da hantsi, a wani kwari. Su uku ne a kan babura, kowa da bindiga a kafaɗa. Ɗayansu ya dube ni ya gane ni, ya dubi Sanusi ya ce, "Wannan fa?" Na ce yarona ne, mai riƙe mini saniya in zan yi allura, kuma ba ya ji sosai. Ya kalli hular nan, ya kalli hannuwan, ya tsartar da yawu. Suka kwashe maganin tsutsar da ke jakata suka ce mu wuce. Ban san yadda na tuƙa babur ɗin ba. Sai da muka yi nisa na tsaya a gindin wata ɗorawa, Sanusi ya sauka ya zauna daɓas a ƙasa.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya cire hular yana jujjuya ta. Ya ce, "Kawu, ka san abin da ka yi mini yau shi ne abin da nake karantawa?"

A nan ya yi mini bayanin da har yau yana kaina, duk da haushinsa da nake ji. Ya ce jikin mutum ko na dabba kamar gari ne mai ɗakuna ba iyaka, a kowane ɗaki ana aika saƙo daga wurin maigida zuwa wurin ma'aikata, a ce musu su ƙera kaza. Saƙon nan shi suke kira RNA. Kowane saƙo na gida yana da wata alama a kansa, kamar hula. Ma'aikata ba sa karanta saƙon da ba shi da hula, 'yan sintirin jiki kuwa da sun ga saƙo kai ba hula sai su yayyaga shi su buga gangar yaƙi. To shi bairos ba shi da ma'aikatan kansa, dole ya shigar da nasa saƙon a karanta masa. Saboda haka sai ya sa masa hula irin ta 'yan gida.

Na ce, "A ina yake samun hular?"

Ya ce iri biyu ne. Akwai masu tafiya da telansu, wani ɗan sinadari da ake kira inzayim, shi ke ɗinka hular, har ya ƙara mata wani ɗan ɗinki a gefe wanda 'yan sintiri ke dubawa kafin su yarda ɗan gari ne. Bairos ɗin ciwon shawara haka yake yi. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ɗinki, irin na mura da wasu na cikin kaska. Su sai su tare saƙon maigida, su fille masa hula, su kifa wa nasu, su bar na maigida a yashe. Aikinsa shi ne ya kwatanta telolin nan na bairos daban-daban, ya ga wanne ya yi kama da wanne, ya fitar musu da salsala kamar yadda ake jero kakanni. Wai ana zaton wasunsu tun fil azal a jikin masu gidan suka samo telan, suka tafi da shi, ya yi ta sauyawa zamani bayan zamani, 'yan sintiri na ƙara wayo, su ma suna ƙarawa.

Wallahi na ji daɗin bayanin nan. Na dawo gida ina jin kaina rabin dakta. (Har na gwada yi wa matata bayani, ta ce in dai ƙarshen zancen shi ne hular nan ta bar gidan, to Allah ya yi wa bairos albarka.)

Yanzu ga inda na kwafsa. Da karatu ya riƙe shi a makaranta, sai ya bar mini aikin. Ni ke shiga ruga-ruga ina ciro kaska, ina zuba ta cikin 'yan ƙananan kwalabe, kowace da lambarta, wannan ta garken wane, wannan ta wuri kaza. Ina tarawa a firijin wani mai sayar da ƙanƙara, in ta yi yawa zan sa a akwati in ba direba ya kai masa. Wata uku ina wannan. Ana gobe zan aika, sai hanyar Kaduna ta rufe, ba shiga ba fita. Mai ya yanke a gari, injin mai ƙanƙara ya tsaya, layin waya ya ɗauke. Kwana biyu ƙanƙarar akwatin ta zama ruwa. Na buɗe kwalba ɗaya na sansana, na ji ta fara bugawa.

Sai na zauna na yi tunani, kuma tunanin nan shi ya kashe ni. Na ce allurar kaji ruwa ce, shi ya sa take son sanyi. Kaska kuwa nama ce. Nama in ana so ya daɗe me ake yi masa? Kuɓewa fa? Barkono? Tumatir? Tun kakanninmu ba wanda ya taɓa adana abu da ƙanƙara a ƙasar nan, rana ce firijinmu. Na ɗauko faifan matata, na juye kwalaben nan kaf a kai, garken wane da garken wane duk suka zama dangi ɗaya. Na barbaɗa toka kamar yadda ake yi wa wake, don kada wani ƙwaro ya shiga. (Ka ji fa. Ina kare ƙwaro daga ƙwaro.) Na sa tsani na hau kan kwano na shanya. Kwana uku ina juya su da tsinke, ina korar kaji.

Da suka bushe ƙayau, sai na kira abokina Bitrus, manomi ne mutumin Randagi da rikici ya dawo da shi cikin gari, na ba shi wayata na ce ya ɗauke ni hoto. Na tsuguna a kan kwano, faifai a hannu, baki har kunne. Da layi ya dawo, ni da hannuna na tura wa Sanusi, na rubuta a ƙasa: "Kada ka damu, na cece su."

Ya kira ni. Sai ya ce saƙon nan da yake nema ba abin da ya kai shi rauni, zafi kaɗan ke wargaza shi, balle ranar kan kwano da toka. Kuma ko da ya tsira, tunda na gauraya su, ba a san ta wane garke ba ce. Wata uku sun tafi. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Sanusi, don girman Allah wannan ta tsaya tsakanina da kai. Ka san sana'ata." Ya ce, "Haba Kawu, ya wuce." Na sake shiga dajin nan wata huɗu, ba wanda ya roƙe ni, na tara masa wasu. Da su ya gama karatunsa.

Da ya zama dakta, 'yan bokon garinmu suka shirya masa liyafa a babban ɗakin taron wata makaranta, aka ce zai yi jawabi kan bincikensa. Yaya ta aiko mini da cewa Sanusi ya ce lallai in zo, akwai maganata a ciki. Akwai maganata a ciki! Na kai babbar rigata wurin mai bugu. Na sayi sabuwar hula. Na bi masu sayen magani a wurina ɗaya bayan ɗaya ina cewa su zo su ji. Matan unguwa masu kiwon kaji ma sai da na aika musu. Ni na tara wa kaina 'yan kallo, ba wanda ya taya ni.

Aka ba ni kujera a layin gaba, Bitrus a gefena. Sanusi ya hau, aka kunna na'urar haska hoto a bango. Ya yi bayanin saƙo da hula da tela, yadda ya yi mini a gindin ɗorawa, ina gyaɗa kai da ƙarfi don na baya su san ni ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Can sai ya sa hannu a aljihu ya zaro tsohuwar hulata. Ya ɗaga ta sama. Ya ce, "Wata rana a daji, wani mai babur ya ara mini wannan, ita ta sa aka ɗauke ni ɗan gida. Haka bairos ke yi."

Wani mai babur. Na riga na ɗaga ɗuwawuna daga kujera, sai na mayar a hankali kamar mai gyara zama. Bitrus ya raɗa mini, "Kai ne fa wani." Na ce ya yi mini shiru, ai ajiye ni ya yi sai ƙarshe, babban nama a ƙasan tukunya yake.

Ƙarshen kuwa ya zo. Ya ce, "Akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da ba zan sauka ban ambace shi ba. Kawuna, mai shagon maganin dabbobi na bakin kasuwa. Kawu, don Allah miƙe a gan ka."

Na miƙe. Na juya na fuskanci jama'a, na ba bango baya. Na saɓa hannun riga a kafaɗa, na ɗaga hannu biyu kamar ɗan takara. Aka yi tafi. Sai tafin ya fara rikiɗewa ya koma dariya, tun daga baya tana gangarowa gaba. Ni kuwa na ɗauka murna ce, na ƙara washe baki, har ina ɗan rusunawa dama da hagu. Wani malami ya kifa kansa a kan tebur yana bubbuga shi. Mata suna rufe baki da mayafi. Bitrus yana ta jan gefen rigata yana cewa, "Zauna, zauna, kai dai zauna," ina kaɗe hannunsa, a zatona hassada ce.

Sai na ji muryar Sanusi a lasifika yana cewa, "Wannan shi ne kilishin kaska na farko a tarihin kimiyya."

Na waiwaya. Ga ni nan a bango, na fi ƙofa girma, tsugune a kan kwano da faifai, haƙora a waje. A ƙasa ga rubutuna, bai ko goge shi ba: "Kada ka damu, na cece su." Kuma bakin da na washe a hoton shi ne dai a fuskata a lokacin, ban gama rufe shi ba.

Ya ci gaba da bayani, wai yana so ɗalibai su gane dalilin da ya sa ake ajiye irin wannan abu a sanyi. Ya ƙara da cewa kawun nasa mutumin kirki ne mai ƙoƙari. Mai ƙoƙari! Abin da ake gaya wa yaron da ya zo na ƙarshe a aji. Ban san yadda na zauna ba. Da aka kawo shinkafa da nama na kasa ci, ni da na ƙi karyawa a gida saboda ita.

Da a dariya abin ya tsaya da na haƙura, ai ba yau aka fara yi mini ba. Amma washegari ina buɗe shago yaran masu nama suka fara, "Mai Shanya, ina kwana? Yau rana ta yi kyau fa." Ranar kasuwa wata tsohuwa da na shekara goma ina yi wa kajinta allura ta zo, ta tsaya ta ƙi miƙo kwandon. Ta ce, "Malam, tsakani da Allah, ita ma allurar shanya ta kake yi?" Na buɗe filas na nuna mata ƙanƙara. Ta taɓa, ta gyaɗa kai, ta ɗauki kajinta ta tafi wurin wani yaro da ya buɗe shago bara, wanda bai san bambancin zakara da agwagwa ba. Wanda akuyarsa ta mutu shekara biyu da suka wuce ma sai da ya dawo yana tambayata ko maganin ya sha rana.

Darasin da na koya, tunda dole a ce an koyi wani abu: in ka yi wauta, yi ta kai kaɗai, kada ka kira mai hoto. In kuma ɗan boko ya ce akwai maganarka a cikin jawabinsa, tambaye shi wacce, kafin ka kai riga wurin mai bugu.

Kwana huɗu bayan taron na same shi a gidan Yaya da safe, yana haɗa kaya zai koma. Ya taso da fara'a, "Kawu, sannu da zuwa, ka ga yadda mutane suka ji daɗi?" Yaya ta ga fuskata ta ce, "Ɗan'uwa, zauna tukuna a kawo koko." Na ce ba zama ya kawo ni ba.

Na tambaye shi dalilin da ya sa ranar da na fitar da shi daga bakin bindiga na zama wani mai babur, ranar da na yi shirme kuma na zama kawunsa mai shago a bakin kasuwa. Ya ce, "Kawu, kare ka na yi. Ɗakin nan cike yake, ba ka san wa zai kai magana daji ba. In suka ji ka yaudare su fa?" Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya fi ƙona rai irin wanda ya cuce ka ya zo da gaskiya a bakinsa. Ya ƙara da cewa hoton kuwa wasa ne, don mutane su saki jiki, bai zaci zai kai haka ba.

Na miƙa hannu na ce ya ba ni hulata. Ya buɗe jaka ya ɗauko ta, an nannaɗe ta a leda kamar kayan tarihi. Na cire sabuwar da ke kaina na kifa tsohuwar, da gumin da komai. Sannan na dube shi ido cikin ido.

Na ce, "Ka san ka rufa mini asiri inda bindiga take, ka tona shi inda tuwona yake. Ɓarayin daji maganin tsutsa kawai suka ɗauka suka bar ni da sana'ata, kai ka ɗauke sana'ar don mutane su saki jiki. Kai ka koya mini cewa iri biyu ne, akwai mai ɗinka hularsa, akwai mai fille ta maigida ya bar shi a yashe. Ni aji biyu na yi, amma wannan karatun ya zauna. In ka koma, ka duba salsalar nan da kake haɗawa da kyau, ka bar wa kanka gurbi a cikin na biyun. Ranar kasuwa kuma ina jiranka a ƙofar shagona, da tabaraunka da farar rigarka, ka tsaya ka gaya wa matan nan da bakinka cewa da kaskar da na ajiye a ƙanƙara ka zama dakta. In ba ka zo ba, duk ranar da ka sake bukatar kaska, ka nemi wani mai babur."